Warƙa Huɗu da Ba Su da Lamba

Da sunan Allah Mai rahama na fara, Shi da Ya sanar da ɗan Adam da alƙalami. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ku samari da 'yan matan da aka ɗauka aikin laburare a 'yan shekarun nan, labarin abin da kuke faɗa yana iso ni. Wai aikin da Malam Habu ya tsufa a kai bai wuce shafa gam da danne littafi da abu mai nauyi ba. Ban ji haushi ba, don ni ma haka na ɗauka ranar da na fara. Tunda aka sallame ni daga aiki hannuna ya ƙi zama wuri ɗaya, ko kalandar bango na gani ta naɗe sai na tashi na miƙar da ita. Gara in ba hannun alƙalami ya rubuta muku abin da ya sani.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai basilla ta huda, da allura, da zare mai ƙarfi da muke gogawa da kakin zuma. Akwai ƙashin haƙarƙarin saniya da aka goge ya yi sumul, da shi ake karya takarda a kwantar da ita. Akwai mamatsin ƙarfe. Akwai ƙoƙon garin rogo, wanda muke damawa da ruwan ganyen dogonyaro don kyankyaso ya lasa ya ƙi dawowa. Sai injin yanka, mai wuƙa tsawon hannun mutum. A duk ɗakin shi kaɗai ne ba ya karɓar tuba. Ɗinki in ya karkace a warware, gam in ya yi yawa a jiƙa a ɓare, amma abin da wuƙar nan ta sauka a kansa ya tafi ke nan.

Littafin farko da aka ba ni ƙamus ne wanda bayansa ya rabu. Lokacin laburaren garin nan ɗaki ɗaya ne a Sabon Gari, bayan wani layin shaguna. Benci biyu, kanta uku, da jaridu da ake maƙalawa a jikin sanda don kada wani ya naɗe ya sa aljihu. Ma'aikatan jirgin ƙasa da akawuna su ne masu zuwa. Ni kuwa daga zaure na fito. Mahaifina baduku ne, yana ɗinka wa malamai gafaka da tadarishi, wato jakar fata da allunan kwali biyu da ake rufe littafin hannu a tsakaninsu. Na iya ajami tun kafin in san akwai wani rubutu da ke tafiya daga hagu. An ɗauke ni ne in taya Oga Samuel, wani dattijo mutumin kudu da ya koyi ɗinkin littafi a maɗaba'a, wanda teburinsa ke barandar baya.

Na cika bayan ƙamus ɗin nan da gam, na matse shi, na kwana ina jin na iya. Da safe Oga ya buɗe shi a tsakiya, sai ya ce ƙaras, ya dare biyu.

Ya ce, "Habu, wannan littafi ne ko ƙanzo?"

Na ce ai don ya yi ƙarfi ne.

Ya ce, "Ƙarfi ba taurin kai ba ne. Ka ga bayanku in kuna salla? Ya lanƙwasa, ya miƙe, sau nawa a rana, bai karye ba. Haka bayan littafi. Warware, ka ɗinka."

Shekara biyu ban taɓa injin yanka ba, sai dai in wasa wuƙarsa. Da ya yarda na taɓa, ya ba ni doka guda wadda ya maimaita har ta shiga hannuna: littafin da ya ƙazantu, tsabta tukuna, sannan jeri. Ka kakkaɓe, ka shanya, ka datse gefen da ya ruɓe don kada ruɓar ta ci gaba, sa'an nan ka zauna ka bi lambobin shafi ka jera. Dokar tana da kyau, domin lambar littafin boko tana can ciki, nesa da bakin wuƙa.

Wadda ta fitar da laburare daga ɗaki ɗaya ita ce Madam Laraba, malamar makaranta ce a da, 'yar kudancin Kaduna. Matar nan ba ta san zama ba. Ita ta sa aka ƙera akwatunan katako, a cika su da littattafai a ɗaure bayan keke, yau a kai wata makaranta a Palladan, gobe a kai rumfar makanikai a Chikaji, bayan mako biyu a je a sauya. Daga keke aka samu mota. Daga mota ta dinga hawa da sauka ofisoshi har aka ba mu gini a Samaru, inda ɗalibai da 'ya'yan ma'aikata suka yi yawa. Aka ware wa yara ɗakinsu da tabarmi, aka ware wa mata rana. Duk wanda ya ga ginin yakan yabi Madam, kuma ta cancanta. Amma kowane reshe da aka buɗe, ƙofarsa ta baya teburina take kallo.

Ko ba a gaya mini ba, nakan san inda littafi ya fito. Na Chikaji yakan zo da tambarin babban yatsa na baƙin mai, daidai shafin da aka zana cikin inji. Na Samaru tsaf yake daga waje, amma ka ƙirga za ka tarar an sa reza an zare shafukan tambayoyin jarrabawa. Na Palladan akuya ta ɗanɗana kusurwarsa. Na matan Sabon Gari, masu koyon tela, yakan zo da hudar allura jere a kan zanen riga, an ɗora takarda an kwafa. Ban taɓa jin haushin waɗannan ba, sai mai reza. Littafin da ya dawo mini da rauni ya yi aiki ne. Wanda nake tausayi shi ne wanda ya shekara goma a kanta yana sabo.

Bayan Oga Samuel ya yi ritaya ya koma garinsu, ɗakin ɗinki ya zama nawa. A lokacin ne wata tsohuwa ta zo daga Dogarawa, Goggo Indo, riƙe da gafaka da ta bushe ta tsattsage. A ciki akwai waƙar wa'azi da mahaifinta, marigayi Malam Tanimu, ya tsara ya rubuta da hannunsa. Warƙa, wato fallen takarda, saba'in da 'yan kai, tawadar zaure, ajami mai kyau. Babu wani kwafi a duniya. Ta ce ɗakin da take ajiye ta yana yoyo, jikokinta kuma ba mai karanta ajami, tana tsoron ranar da ta rufe ido a ƙunsa ƙosai da ita.

Ta ce wa Madam, "An ce nan wurinku ruwa ba ya shiga, gara ba ta shiga."

Madam ta ce, "Haka ne, Mama. Ga Malam Habu, shi ya san irin wannan rubutu. Zai yi mata sabon gida."

Goggo ta dube ni sama da ƙasa, ta tambayi sunan ubana. Da na faɗa ta ce, "Ɗan baduku ne ashe. To na bar maka amana."

Sai in yi muku bayani a nan, don yawancinku ba ku taɓa riƙe littafin hannu ba. Ba a ɗinke shi. Warƙoƙi ne sake, ɗaya kan ɗaya, kuma ba a sa musu lamba. Abin da marubuci ke yi shi ne, a can gindin bayan kowace warƙa, a ƙurewar kusurwa, sai ya rubuta kalma ɗaya, wadda ita ce farkon warƙar da ke biye. Mahaifina yakan kira ta 'yar rakiya. Ko iska ta watsa littafi, in 'yar rakiya tana nan, kowace warƙa za ta nuna maka ƙanwarta. Na san wannan tun ina ɗan shekara bakwai.

Na sa gafakar a kabad ɗina, na ce sai na samu fata mai kyau. Kafin in samu, muguwar shekarar ta zo. Ruwan farko na daminar ya sauko da iska wadda ta ɗage kwanon ginin Sabon Gari ta ajiye shi a bayan layi. Ranar Lahadi ce, ba kowa. Kafin a ankara ruwa ya sauka kan kantoci kamar a fili. Litinin muka tarar da littattafai sun kumbura, wasu sun manne sun zama bulo. Muka shimfiɗa tabarmi da buhuna a tsakar gida muna shanya, in hadari ya taso mu kwashe da gudu, in ya wuce mu sake fitarwa. Masu karatu suka zo taya mu, har da makanikan Chikaji. Funfuna ta fara cin gefen takardu, baƙa-baƙa, mai wari. Mako shida ina tsaye gaban injin yanka daga safe har la'asar. A miƙo, in daidaita, in sauke wuƙa, a miƙo wani.

Kabad ɗina ruwa ya shige shi ta ƙasa. Gafakar tana tsaye a ciki, don haka gindin warƙoƙin ne ya sha ruwa, kamar faɗin yatsa biyu. Na shanya su ɗaya-ɗaya a tabarma, na danne da duwatsu. Hadari ya taso, masu taimako suka tattara mini su yadda hannu ya kai. Ban damu ba, na san 'yar rakiya tana nan. Da suka bushe na ga funfuna ta kama gindin tana hawa wajen rubutu. Littafi na arba'in ke nan ko fiye da ya biyo ta hannuna a ranar. Na buga su a tebur suka daidaita, na tura ƙarƙashin wuƙa, na sauke.

Sai da wuƙar ta taɓa katako na tuna. Na durƙusa cikin tarin yanke-yanken ranar ina tonawa. Abin da ya ruɓe ba ya faɗuwa a zare, dagargajewa yake. Na yi salati, na zauna a ƙasa.

Na ce zan jera ta da ma'ana. Ban daɗe ba na gane ba za ta yiwu ba. Ƙafiyar waƙar ɗaya ce daga farko har ƙarshe, kowane baiti yana tsaye da ƙafarsa, kuma Malam Tanimu mutum ne mai tsari, ba ya raba baiti tsakanin warƙa biyu. Ta farko na gane ta da bisimilla, ta ƙarshe da tammat, kalmar da ake rufe littafi da ita. Abin da ke tsakani kuwa, kowace za ta iya bin kowace.

Goggo Indo takan leƙo duk ranar da ta shigo kasuwa. In na jiyo muryarta sai in tuna ina da aiki a Samaru. Wata rana Madam ta shigo ɗakina ta rufe ƙofa.

Ta ce, "Malam Habu, sau uku tsohuwar nan tana zuwa kana bin ƙofar baya. Me ka yi?"

Na buɗe mata, na nuna mata gefen da ya yi sumul.

Ta ce, "Ai ya yi kyau. Ina lambobin?"

Na ce, "Su na yanke."

Ta ja kujera ta zauna, abin da ba ta saba ba. Can ta ce, "Da wani ne, sai in ce ya jera yadda ya ga dama, ba mai ganewa. Amma kai na san ka. Za ka yi ta zagaye ɗakin nan kamar kazar da za ta yi ƙwai, ka hana ni aiki. Ni na yi mata alkawari, kai ka sauke wuƙa. Ɗauki keken ofis ka tafi, ka ce da ni da kai ne."

Na iske ɗanta a ƙofar gida, ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, ya kira ta.

Ta ce, "Ɗan baduku, yau da kanka? An gama ke nan."

Na ce, "Goggo, ba a gama ba. Ɓarna na yi." Na faɗa mata duka, ban rage ba.

Ta karɓi warƙoƙin ta bi gefensu da babban yatsa. Ta ce, "Lallai ka iya aski. Baba bai taɓa samun gyaran fuska irin wannan ba yana raye." Ba wanda ya yi dariya. Ta ce, "Kun ce ruwa ba ya shiga, gara ba ta shiga."

Na ce, "Haka muka ce."

"To wanne ne bai shiga ba?"

"Gara, Goggo."

"Alhamdu lillahi, an rage." Ta miƙo mini ɗaya daga tsakiya. "Karanta in ji ko maganar tana nan, ko ita ma ka aske."

Na karanta:

Mai shuka ƙaya a hanyar 'yan'uwa,
Ya tuna shi ma da ƙafa yake zuwa.

Ta ce, "Kai kuma kamar mai karanta sammaci. Ba haka ake jan ta ba." Sai ta ɗauka da wata murya siririya, tana kaɗa kai. Ta bi baitocin warƙar har gindi, ina bin ta da yatsa, ko wasali ba ta kuskure ba. Da rubutu ya ƙare ita ba ta tsaya ba, ta zarce cikin wani baiti. Na hau bincike cikin tarin har na same shi a saman wata warƙa. Matar da ba ta san alif ba, ashe tun tana yarinya take zaune tana kaɗi a bayan zaure lokacin da mahaifinta ke rera wa ɗalibansa.

Na ce, "Goggo, kin san ta duka?"

Ta ce, "Wa ya sani. Ban taɓa aunawa ba."

Daga nan kowace Alhamis bayan azahar ina kan keke zuwa Dogarawa. Aikin bai zo da sauƙi ba. Ranar farko ta zauna hannu sake, waƙar ta ƙi zuwa, sai da aka nemo mata mazari da auduga. In mazari na juyawa waƙa na tafiya. Kuma ba ta iya kamawa daga inda aka tsaya, dole sai daga bisimilla. In na ce, "Tsaya, Goggo, in nemo," shi ke nan zare ya tsinke, sai a koma farko. Don haka na haddace baitin farko na kowace warƙa, in baje su duka a tabarma, tana rerawa ina tsinta shiru, ina sa lamba da fensir a kusurwa. Wani makon mu ci gaba da warƙa biyar, wani makon numfashinta ya ƙare kafin mu iso inda muka tsaya. Wani makon ana suna a maƙwabta. Wani makon tari ya kwantar da ita, in juya da keke ban ko gan ta ba. Ɗanta ya fara tare ni a ƙofa.

Ya ce, "Malam, tsohuwa fa ta gaji. Takarda ce, ba Alƙur'ani ba."

Kafin in amsa ta jiyo daga ciki ta ce, "Bar shi ya shigo. Shi ya ɓata, shi zai zauna."

A ofis kuwa littattafan da ruwa ya ci suna jira, rassa suna aiko da nasu, an sa sabon kwano ana shirin sake buɗewa. Ina ɗinki ina rera waƙar Malam Tanimu, ina ƙirga kwanaki zuwa Alhamis, ina roƙon Allah Ya ara wa tsohuwar nan numfashi. Duk sanda na ji an yi rasuwa a wajen Dogarawa sai na tambayi ko wace ce.

Sai da wata damina ta zagayo muka zo kusa da ƙarshe. Saura warƙa huɗu a tabarma, ban da ta tammat. Ta rero har baitin ƙarshe na wadda ke hannuna, sai mazari ya tsaya. Ta koma farko, ta sake isowa, ya sake tsayawa. Mako na biyu haka. Mako na uku na ce, "Goggo, ko mu bari sai kin ƙara jin ƙarfi?"

Ta ci gaba da murza audugar. Can ta ce, "Ba ƙarfi ba ne. Jiya na gano dalili. Baba bayan la'asar yake farawa. Kullum in ya kawo nan rana ta yi ja, sai inna ta kira ni in je in koro awaki in ɗaure. Ba mantawa na yi ba, ɗan baduku. Ban taɓa ji ba ne."

Na ce ko akwai wani cikin ɗalibansa da ya rage.

Ta ce, "Yayana ne mai zama har a shafa fatiha. Ya riga Baba tafiya. Sauran kuwa ni na je gaisuwar rasuwarsu ɗaya bayan ɗaya."

Na dubi huɗun nan. Na ce, "Na san hannunsa yanzu, na san yadda yake ɗora magana kan magana. Zan iya jera su yadda ya fi kama, in sa lamba a wuce wurin."

Ta ce, "Ka yanke masa ƙafa, yanzu kuma za ka sa masa magana a baki? Bar su yadda suke. In an tashi ƙiyama ka tambaye shi, ai dama kuna da zance." Ta tsinko zare daga mazarinta ta miƙo mini. "Ɗaure su daban."

Haka aka yi. Na yi wa waƙar sabon tadarishi da gafaka ta jar fata, ban ɗinke ta ba. Madam ta karya dokarta ta cewa ba a ba littafi lamba sai an ɗinke shi, ta manna lambar a jikin tadarishi, aka kai shi kabad mai makulli a Samaru. A kan huɗun na ɗora 'yar takarda da ajami da boko, na rubuta cewa ba a san jerinsu ba, domin Habu mai ɗinki ya datse gindinsu kafin ya jera. Madam ta ce ba sai na sa suna ba. Na ce in ban sa ba, gobe wani zai ce Malam Tanimu ne bai iya tsari ba. Goggo Indo ta rasu kafin a girbe dawar shekarar. Allah Ya jiƙanta, Ya jiƙan mahaifinta, Ya yafe mana abin da hannuwanmu suka riga hankulanmu.

Wani ɗalibin lissafi a Samaru ya taɓa ganina da su, ya ce mini hanya ashirin da huɗu ce kacal ake iya jera abu huɗu, ɗaya daga ciki dole ita ce ta gaskiya. Na gode masa. Kafin in bar aiki na gwada su duka, ba sau ɗaya ba, ina rerawa da muryar Goggo. Kowace ta zauna daidai, kamar haka Malam ya tsara ta. Sai in tattara su, in mayar da zaren, in ɗaure.